Wanzami ba ya son jarfa? Maganar allurar mura ga ma'aikatan asibiti

Duk shekara idan sanyi ya ƙarato, asibitocin Ingila da Amurka da Kanada sukan shiga wani fama da mu nan Najeriya ba mu san shi ba: yadda za a shawo kan likitoci da nas-nas su miƙa dantse a yi musu allurar rigakafin mura. Mutanen da sana'arsu ke nan tsira wa wasu allura, su ake bi ana lallashi. A Ingila, a hunturun 2020 zuwa 2021 da korona ta razana kowa, sama da kashi 75 cikin 100 na ma'aikatan da ke hulɗa da marasa lafiya kai tsaye sun karɓa. Shekara uku bayan nan, waɗanda suka karɓa ba su kai rabi ba, alhali kyauta ake yi musu.

Wanda ya ji haka zai ce wanzami ba ya son jarfa, ya kaɗe rigarsa ya wuce. Ni wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, don ta tattara laifin duka ta ɗora wa ma'aikaci, ta wanke wanda ya ɗauke shi aiki. Ina tare da masu cewa ya kamata a yi wa kowane ma'aikacin asibiti wannan allura duk shekara. Amma nauyin farko yana wuyan hukuma: ta sayo, ta kai masa har inda yake aiki, ta gaya masa gaskiyar abin da allurar ke iyawa da wanda ba ta iyawa. Sai ta yi haka take da bakin tuhumar wanda ya ƙi.

Ba murar yoyon hanci ake magana ba, wadda ake sha mata shayi da citta da kanumfari ta wuce a kwana uku. Infuluwenza ake nufi, mai faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari, ta kwantar da ƙato mako guda cur. A wurinmu sau da yawa maleriya ake ce mata, ko taifod, a garzaya kemis a sayo maganin da ba nata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan ɗaya ke kamuwa da ita kowace shekara, miliyan 3 zuwa 5 ta yi musu mugun kamu, ta kuma yi ajalin tsakanin 290,000 zuwa 650,000 ta hanyar ciwon numfashi. A cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da take kashewa idan ta sauka a huhu, kusan dukkansu 'ya'yan ƙasashe masu tasowa ne. Don haka masu cewa ciwon Turawa ne, na ƙasashen dusar ƙanƙara, sun yi kuskure. Turawa sun fi mu ƙirgawa ne kawai.

Su wa take kashewa? Tsofaffi, jarirai, mata masu ciki, masu asma, masu ciwon suga da na zuciya da na ƙoda, masu sikila, da waɗanda wata cuta ko magani ya raunana musu garkuwar jiki. Duba wannan jeri da kyau, za ka ga mutanen da suka cika gadajen asibiti ne. Ita kuwa cutar tana da wata muguwar ɗabi'a: mutum yana iya fara yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin ya ji komai a jikinsa, wani ma har ya warke ba zai ji abin da ya wuce ɗan kasala ba. Nas ɗin da ta zo aiki lafiya ƙalau a ganinta, ta sunkuya kan gado ashirin kafin azahar, ba ta san abin da ta rarraba ba. Jaririn da bai kai wata shida ba ba a yi masa wannan allura sam. Tsohon da aka yi wa, jikinsa ba ya karɓarta da ƙarfi kamar na matashi. Kariyar irin waɗannan tana hannun masu kewaye da su.

Na taɓa jinyar mahaifiyata a wani asibitin gwamnati cikin hunturu, kuma akwai daren da ya tsaya mini a rai. Nas ɗin da ke aikin dare ta shigo duba ƙarin ruwa, idanunta jajir, tana tari tana kauda kai, takunkumin ya sauko haɓa don numfashi ya yi mata wuya. Hannunta da ya taɓa nawa wajen karɓar kati zafi rau. Mahaifiyata, da ke kwance da ciwon suga, ita ce ta fara yi mata sannu.

"Sannu 'yata. Ai ke ma gadon ya kamata a ba ki."

"Hajiya, in na kwanta wa zai duba ku? Mu biyu ne a ɗakin nan gaba ɗaya, ita ma ɗayar tana can wajen mai naƙuda."

Ban ga laifinta ba a daren, yanzu ma ban gani ba. Da ta zauna a gida, da ba wanda zai canza wa kowa ruwa har gari ya waye, kuma da safe takardar tuhuma za ta tarar. Amma duk abin da ke ƙirjinta a daren nan, ta zagaya da shi gado-gado. Wannan shi ne dalili na biyu na allurar, wanda a ƙasarmu ma ina ganin ya fi na farko ƙarfi: asibitin da nas biyu ke riƙe da ɗaki guda, ga likitoci suna ta ficewa Saudiyya da Ingila, ba shi da halin rasa mutum ɗaya na mako guda saboda ciwon da ake iya ragewa.

Na ce ragewa, ban ce kawarwa ba, kuma a nan ne masu wayar da kai suke yawan ɓata rawarsu da tsalle. Allurar mura ba irin ta ƙyanda ba ce da za a yi wa yaro a ce an gama. Ƙwayar cutar tana sauya kama duk shekara. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, a Fabrairu don ƙasashen arewacin duniya, a Satumba don na kudanci, ta yi hasashen irin da zai yaɗu a haɗa allura a kansa. A shekarar da hasashen ya dace, allurar na rage haɗarin kamuwa da kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A shekarar da bai dace ba, abin ya yi ƙasa da haka. Batun ko yi wa ma'aikata allura yana ceton marasa lafiya ma akwai ja-in-ja a kai. Wani bincike da aka buga a 2000, wanda aka yi a asibitocin tsofaffi 20 a Sikotilan, ya nuna inda aka yi wa ma'aikata tayin allura kashi 13.6 na tsofaffin suka rasu a hunturun, inda ba a yi ba kuwa kashi 22.4. Sai dai masana na ƙungiyar Cochrane da suka tattara irin waɗannan bincike suka sake auna su sun ce hujjar ba ta kai ƙarfin da ake kururutawa ba.

Likita ya san wannan. Mai haɗa magani ya sani. Idan ka tsaya gabansu kana rantsuwa cewa allurar katanga ce, ka gama zubar da mutuncin maganarka tun kafin ka zauna. Gara a ce musu: kariya ce rabi da rabi, tana rage tsananin ciwon ko da an kamu, illarta ba ta cika wuce ciwon dantse da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ba, kuma a yanzu ba mu da wadda ta fi ta. Mai hankali zai karɓi rabin kariya idan an gaya masa rabi ce.

To me ya yi aiki a wuraren da suka daɗe suna wannan fama? Masu son tilas suna da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. A 2005 asibitin Virginia Mason da ke Siyatil a Amurka ya zama na farko cikin manyan asibitoci da ya ce allurar mura sharaɗin aiki ce, nan da nan masu karɓa suka kai kashi 98 cikin 100. Rukunin asibitocin BJC na jihar Mizuri, mai ma'aikata kusan 26,000, ya bi sahu a 2008 ya samu irin wannan sakamako, mutum takwas kacal aka sallama. Finlan ta sa abin cikin doka a 2018 ga masu kula da marasa lafiyar da ke cikin haɗari. Ba wanda zai ce tilas ba ta ɗaga adadi.

Amma tilas tana da kuɗinta. A lardin Ontariyo na Kanada, ƙungiyar nas-nas ta ƙalubalanci dokar da ta ce ko allura ko ka yini da takunkumi duk tsawon hunturu, ta yi nasara a gaban masu sasanci a 2015, ta sake yi a 2018. Ingila ta shirya tilasta wa ma'aikatan asibitocinta allurar korona, da ta hango dubban da za ta rasa sai ta janye a farkon 2022. Mu ma mun ɗanɗana. Daga 1 ga Disamba 2021 Gwamnatin Tarayya ta ce ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da shaidar allurar korona ko ta gwaji. Me ya biyo baya? Rahotannin sayar da kati ba tare da allura ba. Ƙasar da aka daɗe ana sayen katin allurar cutar shawara a bakin filin jirgi, idan ka ce sai da kati, kati za ka samu. Kuma katin bogi ya fi rashin kati muni, domin yana sa shugaban asibiti ya yi barci yana zaton ɗakin jariransa a tsare yake.

Abin da ba a cika faɗa ba game da waɗancan asibitoci na Amurka shi ne ba da barazana kaɗai suka kai inda suka kai ba. Allurar tana nan, kyauta, a kowane bene, dare da rana. Ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sha nuna haka shekara da shekaru: inda ake kawo allurar wurin aiki kyauta, masu karɓa sun fi yawa nesa ba kusa ba a kan inda aka bar kowa ya je ya nemo da kansa. Mafi yawan waɗanda ba su yi ba ba maƙiya allura ba ne. Gajiyayyu ne. Wanda ya kwana tsaye, ba zai tsallaka zuwa wani gini ya bi layi da ƙarfe goma na safe ba, gida zai tafi ya kwanta.

Yanzu mu dawo gida, inda maganar ta sha bamban. A Najeriya ba a kai ga matsalar ƙin karɓa ba tukuna, domin ba a ma yi tayin ba. Allurar mura ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke bayarwa. Mai so sai ya nema a wasu asibitocin kuɗi na manyan birane ya biya da aljihunsa. Ma'aikacin da ya shafe shekaru ana ba shi naira 5,000 a wata a matsayin alawus na haɗarin aiki, kafin a ɗan taɓa shi a ƙarshen 2021, ba shi za ka ce ya je ya sayo allura duk shekara ba. Afirka ta Kudu da Maroko suna da tsarin wannan rigakafi. Mu kuwa tun 2008 muke sa ido a kan cutar, ana ɗibar samfur a wasu zaɓaɓɓun asibitoci har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ana tabbatar da tana yawo a cikinmu. A Nijar ma cibiyar CERMES ta Yamai tana irin wannan aiki, kuma binciken can ya nuna cutar ta fi tashi a watannin sanyi. Mun san tana nan, mun rubuta, mun ajiye.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi. Ƙasar da maleriya ke kashe yara kullum, mashaƙo ya dawo Kano a 2023 ya yi ɓarna, zazzaɓin Lassa ke ɗauke likitoci, kwalara ke zuwa da kowace damina, ina ta ga kuɗin allurar mura? Da cewa na yi a yi wa mutum miliyan 200 duk shekara, da na yarda wauta ce. Ma'aikatan lafiya kuwa 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta, an san inda suke, suna zuwa wuri guda kowace rana, firjin ajiye allura yana ginin da suke aiki, masu yin allurar su ne su kansu. Babu rukunin mutanen da yi musu rigakafi ya kai wannan sauƙi.

Kuma ba mura kaɗai zan so a tsaya a kai ba. Ciwon hanta nau'in B ya yi katutu a ƙasar nan. Nas ɗin da allurar mai ɗauke da shi ta soke ta bisa tsautsayi, haɗarin kamuwarta na iya kaiwa kashi 30 cikin 100 idan ba ta da rigakafi. Allura uku ce, mai araha, mai kare mutum shekaru masu yawa, amma zagaya ka tambayi masu shara da masu kwashe kwandon allurai ko nawa ne suka cika ukun. Idan aka kafa mako guda a shekara na allurar mura, a nan za a buɗe rajista, a ga wanda bai cika ta hanta ba, a ga wanda ke buƙatar ƙarin ta mashaƙo da tetanus. Murar ce za ta riƙa dawo da mu kan teburin duk shekara, don ita ce ba a yi sau ɗaya a gama.

Rajistar nan ita ce ribar da ba a gani sai ranar tsiya. A Maris 2021 da allurar korona kusan miliyan huɗu ta sauka Abuja, aka ce ma'aikatan lafiya ne farko, sai ga shi ana ta kiciniyar tattara sunayensu ta intanet. Kafin ƙarshen shekarar an lalata sama da miliyan ɗaya da wa'adinsu ya ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Annobar mura kuwa ta taɓa zuwa mana: ta 1918 ta shigo ta tashar jiragen ruwan Legas ta bi layin dogo da hanyoyin fatake, ta kashe kimanin rabin miliyan a Najeriya. Murar tsuntsaye ta H5N1 da ta fara bayyana a Afirka a 2006, a wata gonar kaji ta jihar Kaduna aka gan ta. Ƙasar da ta saba yi wa ma'aikatanta allura duk shekara, ranar da sabuwar annoba ta zo hanya a share take.

Sai batun yarda, wanda a Arewa ba a tsallake shi. Ma'aikacin asibiti ɗan gari ne, abin da gari ke tunawa shi ma yana tunawa. Yana sane da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Yana sane da dakatar da allurar shan inna a 2003, da yadda ba a dawo ba sai a 2004 bayan an kawo ta Indunusiya. Farin kaya ba ya goge wannan. Wanda zai kawo sabuwar allura ya zo da kwalbar a hannu, a ga sunan kamfani da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ya zauna a yi masa tambayoyi ba tare da ya harzuƙa ba. Wahalar tana da lada, domin nas ɗin unguwa ita ce likitan unguwa. Ita ake tarewa a gidan suna a ce, "Anti, wannan allurar da ake ta magana, ke kin yi?" Amsar da ta bayar a tsakar gidan nan ta fi sanarwar rediyo goma.

Tambayoyin ma sanannu ne. Akwai mai cewa an taɓa yi masa a waje ya kwanta da mura washegari. Allurar dantse ba ta da ƙwayar cuta mai rai, ba ta iya sa mura; sai dai tana ɗaukar kusan mako biyu kafin ta fara aiki, kuma ba ta hana sauran cututtukan sanyi da ke yawo a lokacin. Akwai mai ciki da ke tsoron abin da ke cikinta, alhali tana cikin waɗanda aka fi so su karɓa. An yi babban gwaji a Bamako a kan mata masu ciki sama da 4,000, aka ga jariran waɗanda aka yi wa sun samu kariya a watanninsu na farko. A Mali aka yi wannan, ba a Turai ba.

Yadda za a yi ba ya buƙatar taron bita a otal. A sa allurar a akwatin sanyi, a tura ta ɗaki-ɗaki lokacin miƙa aiki, da safe da yamma da dare. Wadda za ta yi wa nas-nas ta kasance 'yar ɗakinsu ce da suka sani, ba baƙuwa daga ofis ba. Shugaban asibiti da shugabar nas-nas su fara naɗe hannun riga a gaban kowa. Kada a tsaya kan masu takardar ɗaukar aiki: masu shara, masu tura gado, masu gadi, ɗalibai, da ma'aikatan wucin gadi da suka shekara biyar suna jiran a tabbatar da su, duk iska ɗaya suke shaƙa da marar lafiya, kuma su aka fi mantawa. A yi odar da wuri ta iso kafin hunturu, don allurar bana ba ta da amfani baɗi, kuma tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, abin da ke nufin firji mai sola, ba wanda ke jiran a kawo wuta ba. Sannan wanda zazzaɓi ya kama a bar shi ya kwana biyu a gida ba tare da an taɓa albashinsa ko an aiko masa da takardar tuhuma ba. In ba haka ba, an toshe ƙofa ɗaya an bar ɗaya a buɗe.

Wurin farawa ma akwai shi a shirye. Duk shekara ana yi wa maniyyata allurar sanƙarau da ta shawara da ɗigon shan inna kafin su tashi, Saudiyya kuma tana shawartar alhazai su yi ta mura, kuma kowa ya san tarin da ake dawowa da shi daga Makka. Tawagar likitoci da nas-nas da ke raka alhazai su ya kamata a fara yi wa, tare da ma'aikatan ɗakin bakwaini, da na wankin ƙoda, da na masu ciwon daji a asibitocin koyarwa. A ƙarshen kowace shekara kowane asibiti ya manna adadinsa a allon sanarwa, ɗaki-ɗaki, ba tare da sunan kowa ba.

Idan aka yi haka shekara uku a jere, allura tana zuwa a kan kari, kyauta, har cikin dare, sannan aka samu wanda ke aiki a ɗakin bakwaini ya ce shi dai ba zai yi ba, ba don wani dalilin lafiya ba, to ina goyon bayan a ɗauke shi daga ɗakin a mayar da shi wani sashen. Ba kora ba, ba yanke albashi ba, canjin ɗaki kawai.